Yarinya Ba Ta Zaɓi Ranar Haihuwarta Ba

'Yan'uwana mata, a makon nan ina so mu dubi sana'ar masu duban taurari, watau mutanen nan da su ke karɓar kuɗi su gaya wa mutum halinsa da rabonsa bisa ga lokacin da aka haife shi. Malamanmu dai sun riga sun gaya mana babu mai sanin gaibu sai Allah. Abin da ya rage mu tambaya shi ne, in mai duba ya yi maganarsa ya karɓi kuɗinsa ya tashi, wa ke ɗaukar nauyin maganar?

Ga misali daga ƙasar Japan. Mutanen can sun gaji wani lissafin shekaru daga ƙasar Sin. Akwai dabbobi 12 da abubuwa 5, watau itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa. Kowace shekara a kan haɗa mata dabba ɗaya da abu ɗaya, sai bayan shekara 60 lissafin ke komowa farko. Shekarar da doki ya gamu da wuta su na ce da ita Hinoe-uma. Camfinsu kuwa shi ne, wai macen da aka haifa a cikinta za ta yi zafin rai har ta gajarta kwanan mijinta. Namijin da aka haifa a shekarar, shi ba a ce masa kome ba.

'Yan matan da aka haifa a 1906 sun sha wuyar wannan magana. Da suka isa aure, da yawa aka fasa aurensu, babu laifin tsaye babu na zaune. Da shekarar ta sake zagayowa a 1966, sai iyaye suka ji tsoron haihuwa ɗungum, don lokacin ba a iya sanin mace ce ko namiji tun a ciki. A 1965 an haifi jarirai wajen miliyan 1 da dubu 823 a Japan. A 1966 suka koma miliyan 1 da dubu 361, a 1967 kuwa suka hau miliyan 1 da dubu 935. Kun ji fa, ba yaƙi ba annoba, magana kaɗai ta rage kashi 1 cikin 4 na haihuwar ƙasa guda. Bayan 1966 kuma, sai 2026.

To, ku 'yan makaranta, ku yi lissafi. Mata fiye da dubu 600 aka haifa can a 1966. Ashe duk halinsu zai zama ɗaya? Cikinsu har da Gimbiya Kiko, wadda ta auri ɗan Sarkin Japan a 1990, ta haifa masa 'ya'ya 3.

Kada mu yi wa mutanen Japan dariya, don mu ma muna da namu. In an tashi neman aure, wani uban ya kan kai sunan saurayi da na budurwa wurin mai hisabi. Shi kuwa ya lissafa haruffan sunayen, ya ce wannan wuta ce, wancan ruwa ne, taurarinsu ba su zo ɗaya ba. Shi ke nan, an fasa. Saurayi ya nemi wata kafin wata ya mutu, budurwa kuwa ta zauna gida ana nuna ta da baki. Haka kuma in amarya ta tare, kasuwar miji ta faɗi, sai a ce farar ƙafa gare ta. Ba mai tambayar ko maigidan ne ya yi sakaci da jarinsa.

Wanda duk ya ke cin abinci da wannan sana'a, lalle akwai haƙƙi a wuyansa. Masu zuwa wurinsa galibi masu rauni ne: bazawara, da wadda ba ta samu haihuwa ba, da wadda ta sayar da akuyarta don ta biya shi. Ƙaramin adalcin da zai yi shi ne kada ya liƙa wa 'yar mutane sunan da za ta mutu da shi, kada ya nuna wa mace kishiyarta ko uwar mijinta ya ce ga mai yi miki sammu, kada kuma ya hana marar lafiya zuwa asibiti. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Amma fa mu tuna, mai duba a zaurensa ya ke faɗa, mu ne mu ke kai maganar gidan biki da bakin rijiya. In mun ƙi ɗauka, nan za ta mutu. In an zo neman 'yarki, 'yar'uwa, binciki halin yaron da sana'arsa da yadda gidansu ke riƙon mata, ki yi istihara, ki bar wa Allah sauran. In kuwa aka ce da wata farar ƙafa a gabanki, ki zama ta farkon cewa a bari.

Allah ya sa mu dace, amin. Sai mako mai zuwa.