Cutar da Tukunya Ba Ta Kashewa

Mun saba jin cewa in nama ya dahu sosai, cutar da ke cikinsa ta mutu. Galibi haka ne, amma akwai wadda ta fi ƙarfin tukunya, domin ba ƙwaya ce mai rai ba. Furotin ne na jikin dabba ko mutum da ya naɗe a karkace, yana karkatar da 'yan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta huhhuje kamar soso. Stanley Prusiner na Amurka ya raɗa masa suna firiyon a 1982.

Masana ba su yarda nan take ba. Ma'aunin da ke hannunsu na Robert Koch ne, likitan Jamus da ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Kafin a ɗora wa ƙwaya laifi, sai an same ta a jikin maras lafiya, an ware ta an rene ta ita kaɗai, an sa wa lafiyayyar dabba ta kamu, sannan an sake ciro ta daga jikin dabbar. To, yaya za a reni abin da ba shi da rai, wanda kuma lafiyayyensa yana jikin kowa?

Sai hujja ta koma kan siffar furotin ɗin. A 1993 aka nuna cewa ɓerayen da aka hana jikinsu yin wannan furotin ba sa kamuwa ko an yi musu allurar cutar. A 2010 aka haɗa karkataccensa a ɗakin gwaji, aka sa wa lafiyayyun ɓeraye, suka kamu, kuma aka same shi a ƙwaƙwalwarsu.

Birtaniya ta ji a jikinta. A 1986 haukan shanu, wanda firiyon ke jawowa, ya bayyana, ya yaɗu ta garin nama da ƙashi da ake ba shanu. A 1996 gwamnati ta amsa cewa da alama ya tsallaka zuwa mutane. Mutum 178 suka mutu a ƙasar. A 2018 kuma aka ba da rahoton irin wannan cuta a raƙuma a mayankar Wargla ta Aljeriya.

Saboda haka dabbar da ke tangaɗi, ko rawar jiki, ko ta sauya hali, kada a yi saurin sa mata wuƙa don gudun asara. A kira likitan dabbobi. Ƙwaƙwalwarta da lakar bayanta ne suka fi haɗari, kuma har yau cutar ba ta da magani.