Hasashen Ciwon Zuciya Daga Bakin Majinyaci Yake Farawa

Bayan Sallar bara na raka yayana asibiti. Ya shafe makonni yana cewa ƙwannafi ne ke damunsa, yana ta shan maganin olsa, har sai da uwargidansa ta kira ni ta ce, "Malam, zo ka kai Yayanka asibiti, ni ya ƙi jin tawa."

Likita ya tambaye shi, "Baba, kana jin ciwo a ƙirji?" Ya ce a'a. Kuma ba ƙarya ya yi ba, domin a Hausarsa ciwo shi ne abin da ke suka ko zugi. Sai da na sa baki na ce, "Yaya, faɗa masa abin da ka gaya mini a mota." Ya ce duk lokacin da ya hau benen ofishinsu sai ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji, in ya zauna jim kaɗan sai nauyin ya sake shi. Nan take likita ya gyara zama.

Daga baya na binciki dalilin wannan gyara zama. A shekarar 1979 wasu likitocin Amurka biyu, Diamond da Forrester, suka fitar da jadawalin ƙiyasta ko jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini sun ƙuntata, tun kafin a yi wa mutum gwaji. Abu uku kawai suka dogara da shi: shekaru, jinsi, da yanayin abin da ake ji a ƙirji. Shin nauyi ne ko matsi a tsakiyar ƙirji? Wahala ko ɓacin rai ke tayar da shi? Hutu na kwantar da shi? A jadawalinsu, namiji ɗan shekara hamsin da 'yan kai da ya amsa duka ukun da "e", yiwuwar cutar a jikinsa ta haura kashi 90 cikin 100. Wanda bayaninsa bai dace da siffar ba, kimanin kashi 20. An gano daga baya cewa alƙaluman sun yi yawa, har Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta sauko da na farkon zuwa kashi 32 a 2019. Amma tambayoyin suna nan daram.

To, mai karatu, dubi inda gizo ke saƙa. Wannan lissafi duka a kan kalma yake tsaye, kuma kalmar da Turanci aka tsara ta. Bahaushe kan ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko ya riƙe, ko numfashinsa na sarƙewa, ko zuciyarsa na ƙuna. Wannan ta ƙarshe ma tarko ce, don tana iya nufin baƙin ciki tsantsa. Hatta "ciwon zuciya" kanta, sau nawa muke faɗinta muna nufin takaicin ɗa ko na kishiya? Ga kuma shekaru: dattijon da aka rubuta masa ranar haihuwa da ka a gaban magatakarda, lissafinsa ya karkace tun daga layin farko. Mata da masu ciwon suga kuwa, sau da yawa cutar kan zo musu ba da wannan siffa ba, sai dai kasala da haki.

Akwai hasashe na biyu, wanda ke duban shekara goma masu zuwa. Tushensa binciken garin Framingham ne a Amurka, da aka fara a 1948 da mutum 5,209, wanda ya tabbatar da hannun hawan jini, kitsen jini, taba da suga a cutar. Kusan dukkansu Turawa ne, shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali na yankuna 21, har da Afirka ta Yamma, ciki da wanda ba ya buƙatar gwajin jini.

Da likita ya fara ambaton kashi kaza cikin ɗari, yayana ya murmusa ya ce, "Likita, duba kuka koma yi?" Na ce masa ba gaibu ake karantawa ba, cewa ake yi cikin mutum ɗari masu irin shekarunsa da awon jininsa, kaza ne abin kan samu, kuma ba wanda ya san su wane ne sai Allah. Manomi ma in ya ga hadari a gabas yakan kwashe shanya.

Ban ɗora wa likitan laifi ba. Layin da ke jiransa ya kai bakin ƙofa. Mu masana harshe nake tuhuma. Mun cika kundaye da nazarin karin magana da kirari, alhali ɗalibin likitanci na buƙatar ƙaramin littafi da zai nuna masa yadda Bakano, Basakkwace da Bazazzagi ke kwatanta abin da ke ƙirjinsu.

An yi wa yayana gwajin bugun zuciya, aka sa shi tafiya kan na'ura, aka tabbatar da ƙuntatar jijiya. Yanzu yana kan magani, ya kuma rabu da taba. In ka tambaye shi jiki, har yau cewa yake ƙwannafin ya yi sauƙi.