Guraben Aikin Bogi A Intanet: Amanar Mai Ɗauka Da Hattarar Mai Nema

Kusan kowane mako sai wata sanarwa ta zagaye zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, wai hukumar kwastan ko kamfanin mai na ƙasa na ɗaukar ma'aikata. Matashin da ya gama bautar ƙasa yana zaman jira sai ya cike fom, a nemi kuɗin rajista, daga baya na gwajin lafiya, sannan lambar wayar ta daina shiga. Sau da yawa kuɗin nan uwa ce ta sayar da akuyarta ko ta ɗebi adashinta.

'Yan damfara sun san irin ƙishirwar aikin da ake ciki. A ranar 15 ga Maris 2014, dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa domin jarrabawar shiga hukumar shige da fice, bayan kowannensu ya biya naira 1,000, har aka rasa rayuka a turmutsutsu a Abuja da Fatakwal da Minna. Idan gurbin gaskiya ya tara jama'a haka, na ƙarya ba zai rasa masu faɗawa ba.

Hukuncin shari'a a nan a fili yake. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta haramta cin dukiyar mutane ta hanyar ɓarna. Imam Muslim kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji laima a ƙasa, sai ya barranta daga mai algus. Wanda ya tallata gurbin da babu shi, ko ya ɓoye ainihin albashi da nauyin aiki, ya shiga wannan gargaɗi, domin malaman fiƙihu sun sharɗanta sanin aiki da ladansa kafin a ƙulla ijara.

Mai nema ma yana da nasa alhakin. Sayen gurbi a hannun dillali rashawa ce, kuma hadisin Abu Dawud da Tirmizi ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Haka nan takardar shaidar bogi da rage shekaru ha'inci ne. Aya ta 26 a Suratul Ƙasas, cikin ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana, ta sanya ƙarfi da amana su ne ma'aunin ma'aikaci.

Ta fuskar kariya, aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci muminai da bin diddigin labari. A duba adireshin shafi, domin na ma'aikatun gwamnati yana ƙarewa da gov.ng. Kada a ba kowa lambar sirrin kati ko lambar da banki ya turo ta waya. A yi hattara da aikin da ba a yi wa mutum ganawa ba, da wanda ake cewa a tura kuɗi asusun wani mutum yau ko gurbi ya wuce. Idan aikin na ƙasar waje ne, a tuntuɓi hukumar NAPTIP kafin a miƙa fasfo, domin da irin wannan romon baka ake safarar mutane.

Iyaye su riƙa tambayar 'ya'yansu kafin su ba da kuɗi. Wanda ya tura sanarwa bai tantance ba, ya sani yana iya zama tsanin da aka taka aka cuci ɗan'uwansa. Wanda aka damfara kuwa ya kai ƙara wurin EFCC ko 'yan sanda, kada kunya ta rufe masa baki.

Allah Ya ba matasanmu abin yi na halal, Ya tsare su daga sharrin mayaudara.