Neman inda waya ta lalace, daga Gazawa zuwa Jiratawa

Galibin wutar da Maraɗi ke sha daga Katsina take fitowa, a kan babbar waya mai kilobolt 132 da ke isowa Gazawa, inda take rabuwa, reshe ɗaya ya nufi Maraɗi, ɗaya Damagaram. Da guguwar damina ta taso wuta ta ɗauke, sai ka ji ana cewa ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na NIGELEC sun yi nawa. Alhali sau da yawa neman wurin da abin ya faru ya fi gyaran cin lokaci.

Manyan layuka suna da na'urar kariya a tasha. Da zarar waya ta taɓa ƙasa ko 'yar'uwarta, na'urar kan auna ƙarfin wutar da yawan da ya kwarara, ta lissafa tsawon wayar da wutar ta ratsa kafin ta ɓalle. Sai dai reshen itace ko busasshen yashi kan tare wani abu na wutar, lissafi ya kauce da kilomitoci.

Akwai dabarar da ta fi wannan kaifi. Duk inda waya ta yi tartsatsi, wata girgiza kan tashi ta bi layin gabas da yamma, tana cin kusan mita 300 a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Idan akwai agogon tauraron ɗan adam a kowane ƙarshe, ratar da ke tsakanin isowarta nan da can za ta nuna wurin, kusan har turken.

Ƙananan layukan da ke zuwa Tibiri da Jiratawa su suka fi damuna. Rassa gare su barkatai, don haka nisa ɗaya na iya nufin wuri uku. A irin waɗannan layuka akan yanke sashe, a mai da wuta, a ga ko za ta zauna, sannan a bi turaku da ido. A Jiratawa kuwa, inda famfunan lantarki ke ɗago ruwan noman rani daga rijiyoyin burtsatse, yini guda babu wuta a watan Afrilu ya isa ya sa shuka ta yi yaushi.

Akwai ƙananan na'urori da ake rataya wa waya a mararraba, su riƙa ƙyaftawa idan wutar ɓarna ta bi ta wurinsu. Kuɗinsu bai kai na taransifoma ɗaya ba, kuma layin masu lambu ya kamata a fara saka wa.