Zare da dutse: yadda muka gano karkatar madubin bindiga a dajin Faro

Duk shekara sai na koya wa 'yan aji shida darasin nan na tsaye da kwance. Nakan ɗaura ɗan dutse a bakin zare, in rataye shi a gaban allo, in ce da su: wannan zaren shi ne tsaye na gaskiya, idan bango ya saɓa masa to bangon ne ya karkace. Yara su fashe da dariya, don kowa ya san bangon ajinmu ya ɗan jirkice. Ban taɓa kawowa a raina cewa wannan zaren zai raba gardama a kan bindiga ba, sai a hutun Ista na bara, da na je gaishe da Kawu a wajen Poli.

Kawu mai bin sawu ne. Ya fi shekara ashirin yana aiki a ɗaya daga cikin sansanonin farauta da ke kewaye da gandun dajin Faro. Wanda ya saba bin titin Garwa zuwa Ngaundere ya san wannan yankin: gandun Benuwe na tsakiya, Faro na yamma, Buba Njida na gabas kusa da iyakar Cadi, a tsakaninsu kuma akwai filayen da hukuma ke ba da haya don farauta. Da rani baƙi ke zuwa, yawanci daga Turai da Amurka, kowa da takardar izini daga ma'aikatar dazuzzuka da namun daji, an rubuta masa dabbar da zai harba. Aikin Kawu shi ne ya kai baƙo inda dabba take. Idan kuma harbi ya ɓaci, dabba ta gudu da rauni, shi ne a gaba, idonsa a ƙasa yana bin jini, bindiga na hannun wani a bayansa.

Na tarar da gidan ba daɗi. Ɗansa, taubashina, wanda ke share bindigogin sansanin yana ɗaukar su, yana cikin matsala. Kwana huɗu kafin zuwana wani baƙo ya ari bindigar sansanin ya harbi kanki daga nisan kusan mita 300. Kankin na fuskantar hagu. Maimakon harsashi ya shiga bayan kafaɗa, sai ya same shi baya, wajen ciki. Yini ɗaya da rabi suka yi suna bin sa cikin zafin watan Maris kafin su ƙarasa shi. Baƙo ya rantse hannunsa bai yi rawa ba. Shugaban farautar, wanda suke kira gid, ya gwada bindigar a mita 100 ya ga tana buga daidai, sai ya fara zargin ko madubin saitin ya lalace daga ciki, don an taɓa ganin bindigar ta zame a bayan mota. Idan haka ne, yaron zai rasa aikin, kuma kuɗin madubin ya fi albashinsa na watanni da yawa.

Da daddare muna zaune a tabarma na tambaye shi ko ya taɓa madubin. Ya ce a farkon rani ya kwance shi ya goge tsatsa a zobban da ke riƙe shi, ya mayar. Na ce da me ya daidaita? Ya ce, "Da ido mana, Malam. Ko kana ganin sai na zo lakwal ɗinku an koya mini kallo?" Kawu ma ya goyi bayansa: "Ɗana, bindigar nan fa an gwada ta. Abin da ya buga daidai a ɗari, ta yaya zai yi ƙarya a ɗari uku?"

Tambayar Kawu ita ce gaba ɗayan maganar, kuma amsarta tana cikin lissafin da ba ya wuce allon firamare.

Harsashi ba ya tafiya a miƙe. Daga lokacin da ya bar bakin bindiga ya fara faɗuwa, kamar kowane abu da aka saki. Gudunsa ba ya hana shi faɗuwa, sai dai ya rage masa lokacin da zai yi a iska. A aji nakan nuna haka da kwabbai biyu a bakin tebur: in ture ɗaya da ƙarfi, in saki ɗayan, su taɓa ƙasa a tare. Lissafin kuwa shi ne 4.9 sau lokaci sau lokaci, amsar a mita. Bindigar da ake magana a kai irin nan ce ta .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, har yau kuma da wuya ka shiga sansanin farauta a Afirka ba ka gan ta ba. Harsashinta mai nauyi yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa. Kafin ya kai mita 100 ya faɗi kamar santimita 9. Kafin ya kai mita 300, faɗuwar ta kusa mita guda. Nisa ya ninka uku, faɗuwa ta ninka goma.

Ido kuwa ta cikin madubi a miƙe yake kallo. Saboda haka idan aka ce an saita bindiga, abin da aka yi shi ne an sa bakinta ya ɗan ɗaga sama da inda ido ke kallo, gwargwadon abin da harsashi zai faɗi. Wannan ɗagawar dole ta zama sama sak, kishiyar inda ƙasa ke ja. Da zarar an karkata, wani ɓangare na ɗagawar ya koma gefe, ƙasa kuwa ba ta karkata tare da kai ba, ƙasa take ja. Sai harsashi ya tafi ɓangaren da aka karkata, ya kuma ɗan sauka.

Nawa zai tafi? Dubi agogon bango. Tazarar minti ɗaya a fuskarsa digiri 6 ce, karkatar da ido ba ya cika lura da ita. Wannan karkatar tana kai harsashi gefe da kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗuwarsa. A mita 100, ƙasa da santimita ɗaya, ba wanda zai gani, don harsasai uku da gwani ya harba ma sukan bambanta fiye da haka. A mita 300, idan dukan bindigar ce aka karkata, kusan santimita 10 ne. Amsar Kawu kenan: gwajin mita 100 ba ya iya kama wannan laifin ko da an yi shi sau goma.

Washegari muka je sansanin. Ni dai ban taɓa harba bindiga ba, kuma ranar ma ban taɓa ta ba. Da na yi wa gid ɗin bayani sai ya dafa goshi, ya ce ya san wannan sarai, hankalinsa ne ya tafi kan zamewar da bindigar ta yi a mota. Ya zare harsasai, ya cire makullin baya ya leƙa cikin bututun, ya sa kowa ya leƙa. Sa'an nan ya kwantar da ita a kan buhunan yashi. Muka aro abin awon magina mai kumfa cikin ruwa, wanda a nan muke ce wa nibo, aka ɗora a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfen da madubin ke zaune a kai, aka yi ta gyara buhu har kumfar ta tsaya a tsakiya. Ni kuma na ɗaura dutse a igiya, na rataye a reshen wata bishiya kamar taku talatin daga wurin. Iska ta yi ta kaɗa shi, sai Kawu ya kawo bokitin ruwa muka tsoma dutsen a ciki, ya tsaya cik.

A cikin madubin akwai layuka biyu, na tsaye da na kwance, kamar alamar tarawa. Gid ya leƙa ya yi shiru, ya kira taubashina. Layin tsaye ya haɗu da igiyar a tsakiya kawai, samansa ya kauce dama, ƙasansa ya kauce hagu. Yaron ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai! Wallahi da na ɗaura shi a miƙe na gan shi." Na yarda da shi. Idan mutum ya kafa bindiga a kafaɗa ya kwantar da kunci a kanta, kansa ma a karkace yake, kuma ido na neman wani abu ne ya jingina da shi, ko bakin rufin kwano, ko gangaren tudu, ko kututturen da shi kansa ba a miƙe yake ba.

Saura a tabbatar madubin bai lalace daga ciki ba. Aka kafa dogon kwali a mita 100, na ja masa layi daga sama har ƙasa da taimakon igiyar, muka yi ɗigo a can ƙasan layin. Gid ya harba uku a kan ɗigon, nibo na nan a kan bindigar, duka suka taru a wurin. Sai ya murɗa maɓallin da ke saman madubin. A irin wannan madubin kowane ƙas ɗaya santimita ɗaya ne a mita 100, a wasu kuma kusan milimita 7 ne. Ya murɗa sittin, ya sake auna ɗigon nan na ƙasa, ya harba uku. Muka taka muka je. Sun hau sama kusan santimita 60 kamar yadda ya kamata, wato cikin madubin lafiya lau. Amma sun faɗi dama da layin, da faɗin yatsu uku zuwa huɗu. Kankin da ke fuskantar hagu, damansa ai cikinsa ne.

Kada in yi wa mai karatu ƙari. Gyaran da baƙon ya murɗa don mita 300 zai kai harsashi gefe da kamar santimita 6 ne kawai, kuma wannan shi kaɗai ba zai mai da harbin kafaɗa ya zama na ciki ba. Akwai iska, akwai numfashin mutumin da ya yi tafiyar awa uku a rana, wataƙila dabbar ma ta ɗaga ƙafa. Sai dai duk waɗannan ba a hannun kowa suke ba. Shidan nan kuwa a sansani aka ɗaura su tun kafin a fita, suna jira su hau kan sauran. A ganina ma harbin mita 300 da bindigar aro ganganci ne, na kuma faɗa wa gid ɗin haka, bai musa ba.

Gyaran bai ɗauki rabin awa ba. An sassauta sukurorin zobban yadda madubin zai juya da ɗan ƙarfi amma ba zai yi lilo ba. Kafin komai gid ya sa bindigar a kafaɗa ya duba tazarar madubin da idonsa, kamar faɗin tafin hannu, don babbar bindiga idan ta yi baya takan fasa wa mutum gira. Aka mayar da ita kan buhu, kumfa a tsakiya, aka juya madubin hagu a hankali har layinsa ya kwanta a kan igiya daga sama zuwa ƙasa. Wurin ɗaurewa ne aka fi yin kuskure. Idan ka ƙulle sukurun gefe ɗaya gaba ɗaya, zoben zai ja madubin ya juya, aikin ya koma baya ba ka sani ba. Kaɗan-kaɗan ake yi, dama, hagu, gaba, baya, kamar ɗaure notin tayar mota, ana yi ana leƙa igiya. Ba a kuma danne shi da ƙarfin tsiya, bututun madubi siriri ne, yana lotsewa. Wasu na ɗora nibo a kan murfin maɓallin sama su ce sun gama. Ban yarda da wannan ba, don ba lallai murfin ya yi daidai da layukan ciki ba, kuma da layukan ake harbi.

Wani abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan. Ko da an ɗaura madubi daidai, in mai harbi ya karkata bindigar a daji, an koma gidan jiya. Igiya ba ta bin mutum daji. Shi ya sa masu harbin nesa ke maƙala ɗan ƙaramin nibo a jikin bututun madubin, su daidaita shi da igiya tun a gida, su saci kallonsa kafin su ja kunama. A wurare masu gangare irin na wajen Poli, inda ba ka da miƙaƙƙen abu ko ɗaya a gabanka, wannan ɗan kumfan ya fi idon kowa gaskiya.

Masu bindigar iska da ke korar tsuntsaye a gonakin shinkafa da dawa kada su ce wannan maganar manya ce. Su ta fi shafa. Ƙwayar bindigar iska a hankali take tafiya, wajen mita 250 a daƙiƙa, don haka a mita 50 kacal ta faɗi kusan santimita 25. Karkatar minti ɗaya na agogo ta kai ta gefe da santimita biyu da rabi. A jikin kurciya wannan shi ne bambancin faɗuwa nan take da tashi da karyayyen fiffike. Sau da yawa mutum zai ce madubin da ya saya jabu ne, alhali ɗaurin ne. Wanda kuma ke da kowace irin bindiga, ya tabbata takardunsa na hukuma sun cika, yankinmu ba wurin wasa da wannan ba ne.

Da aka gama ɗaurewa gid ya sake saita ta a ɗigon ƙasa, ya murɗa sittin, ya harba uku. Suka hau kan layin. Bai ce wa yaron komai ba, sai ya miƙa masa mabuɗin sukurun ya nuna masa sauran bindigogi biyu da ke jingine a rumfa. Kawu kuwa ya tsaya ya kwance igiyar daga reshe da kansa, ya naɗe ta da dutsen a jiki, ya jefa a jakarsa.

"Ɗana, wannan ta zama tawa," in ji shi. "Ka nemi wata ka kai wa yaranka."