LABURARE BA NA MASU JARRABAWA KAƊAI BA NE

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ƙorafi ne da shawara.

Ni dai har na gama sakandare ban taɓa taka laburare ba, a tunanina wurin masu shirin WAEC da JAMB ne. Yayyenmu a shagon haya suka karanta littattafai, mu kuma a waya. Ranar da na fara shiga Laburaren Murtala Muhammad da ke Kano, wallahi sai da na ji kunyar kaina, ga littattafai jibge, ni mai kiran kanta marubuciya ban san hanyar wurin ba.

Daga nan ni da ƙawayena biyu muka rubuta takarda zuwa ga shugabar wani ƙaramin laburare kusa da unguwarmu, muna roƙon a ara mana ɗaki sau ɗaya a mako. Ta karanta ta dube ni ta ce, "'Yata, ɗaki akwai, amma wa zai bar 'yarsa ta zo?" Na ce, "Hajiya, a gwada mu."

Ashe gaskiyarta. Zaman farko muka sa shi Asabar bayan la'asar, yara huɗu kacal suka zo, don mun manta lokacin Islamiyya ne. Muka mayar da shi Alhamis da yamma, ranar da babu Islamiyya. Sannan muka bi gida-gida muna gaida iyaye, muna nuna musu littattafan da za a karanta. Kada ku ga laifinsu. An daɗe ana zargin littattafanmu da ɓata tarbiyya, har a 2007 an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano.

Ga yadda muka tsara wata. Makon farko karatu a bayyane, kowace ta miƙe ta karanta shafi ɗaya. Mun fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda babu uban da zai ƙi shi, daga baya muka shiga Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Mako na biyu tatsuniya, wata gwaggo ke zuwa ta ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, yara su rubuta da hannunsu. Mako na uku koyon rubuta gajeren labari, muna hangen gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata. Mako na huɗu kuwa na iyaye mata ne, su zo su ji abin da 'ya'yansu suka rubuta. Mun kuma ware 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, da 26 ga Agusta, Ranar Hausa, don ƙaramin buki. Kuɗin alli da takarda karo-karo muke yi.

Akwai wata yarinya 'yar aji uku da babanta ya hana ta zuwa. Na je na durƙusa na ce, "Baba, a bar Umma ta raka ta sau ɗaya, in ta ga abin ƙi, mun haƙura." Ranar yarinyar ta karanta labarin da ta rubuta a kan wahalar mahaifiyarta wajen sana'ar ƙuli-ƙuli, sai ga Umma tana share hawaye da gefen mayafi. Yanzu tare suke zuwa, ita ce ma ke riƙe mana rajista.

To 'yar uwa, in akwai laburare a garinku, ki nemi ƙawaye biyu, ku rubuta takarda, ku nemi yardar iyaye, ku duba lokacin Islamiyya kafin ku sa rana. Ko mutum huɗu suka zo kada ku karaya, da haka muka fara. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya.