Me Ya Sa Muguwar Cikin Shiri Ba Ta Mutuwa Da Wuri?

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, cikinsu har da Labarina, Daɗin Kowa, Manyan Mata, Gidan Sarauta da Garwashi. Dalilin da hukumar ta bayar a fili yake: ana sakin su a talabijin da YouTube ba tare da an kawo mata ta tace ba. Magana ce ta ƙa'ida da takarda. Amma kafin labarin ya iso Tirwun, nan Bauchi, ya riga ya sauya riga. A majalisu da shagunan masu tura fim a waya, abin da ake faɗi shi ne hukuma ta tabbatar da tsohon zargi, wai shirye-shiryen nan makarantar koyon makirci ce. Hukumar Kano ba ta da iko a Bauchi, sai dai tunda yawancin abin da ake kallo a ɗakunanmu daga can yake fitowa, rigimar ta zama tamu.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne: an nuna kishiya tana barbaɗa magani a miya, an nuna yaro yana ɗaga wa ubansa murya, an nuna Hajiya ta tuɓe takalmi a ƙofar boka, an yi wata uku ana kallo ko ciwon kai bai same su ba. In aka duba da kyau, tuhuma biyu ce aka cusa a buhu ɗaya. Ta farko, don me za a nuna mugunta. Ta biyu, don me ake jan ƙafa wajen hukunta mai ita. Ta biyun tana da nauyi, zan zo kanta. Ta farkon ce take ci mini tuwo a ƙwarya, musamman da yake masu yin ta su ne suka tashi da tatsuniyar bora da mowa a bakin kakanninsu.

A tuna yadda tatsuniyar take. Kishiyar uwa ta tura 'yar bora wanki ruwan Bagaja don ta halaka. A hanya yarinyar ta gamu da abubuwan al'ajabi da wata tsohuwa, aka gwada ladabinta, ta ci jarrabawa, aka ba ta kyauta ta dawo da dukiya. Mowa ta ga haka ta tura tata 'yar, ita kuwa ta yi ta gatsali da rashin kunya, ta dawo da wahala. Cire muguwar kishiyar nan daga labarin, me ya rage? Yarinya tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba tafiya, ba gwaji, ba sakamako. Ban taɓa jin wanda ya ce kakarsa ta koya masa zalunci don ta ba shi wannan labari ba.

Wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya zauna da tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100 ya warware su zare-zare, ya buga sakamakon a 1928. Ya ga cewa sunaye da kamanni suna sauyawa, amma ayyukan da ke tura labari gaba ba su wuce 31 ba, kuma masu yin su gurbi bakwai suke cikewa: mugu, mai aike, mai bayar da kyauta bayan gwaji, mataimaki, wadda ake nema tare da ubanta, jarumi, da jarumin ƙarya. Propp bai san ruwan Bagaja ba, amma ga mai aike da muguwa a jikin kishiya, ga mai kyauta a jikin tsohuwa, ga jarumar ƙarya a jikin 'yar mowa. Abin da ya kamata a riƙe daga aikinsa shi ne cewa mugu a labari gurbi ne da dole wani ya tsaya a kai. Duk wanda ya taɓa zama a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa yana kallon Wikki Tourists ya san lamba tara wuri ne a fili. Bana wane ne ke sa rigar, baɗi wani ne, aikin dai ɗaya ne. Kuma in ba a shigo da 'yan ɗaya ɓangaren ba, ba wasa, sai atisaye.

Shi ya sa fuskokin nan ba baƙi ba ne ko kaɗan. Baba Ɗan Audu na Labarina, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, jikan Gizo ne: kwaɗayi, daɗin baki, dabarar da ke kuɓutar da shi yau ta jefa shi rami gobe, kuma mai kallo na tsine masa yana dariya. Umar Hashim na Izzar So, wato Lawan Ahmad, ɗan bora ne da aka sa wa kwat aka kai ofis, mai haƙuri da gaskiya da ake gwadawa mako bayan mako a gaban Nafisa mai izza. Gwamna Bawa Maikada na Kwana Casa'in, da Sani Mu'azu ya hau, azzalumin sarkin tatsuniya ne ya samu jiniya da 'yan rakiya. Masu cewa duk daga Indiya aka kwaso suna da 'yar gaskiyarsu a kan waƙa da rawa da soyayyar mutum uku, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan haka. Amma Gizo da Ƙoƙi sun riga sinima zuwa ƙasar Hausa. Tun a 1911 Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyinmu a littafi, kuma da tsufansu ya tarar da su.

Hujjar da ta fi burge ni kan cewa gurbi ya fi mutum ƙarfi daga Labarina ta fito. Nafisa Abdullahi, mai fitowa a matsayin Sumayya, ta bar shirin, aka ɗauko Fati Washa aka ce wannan ce Sumayya. An yi surutu na ɗan lokaci, sannan aka ci gaba da kallo. Haka kuma mutum ɗaya kan tashi daga wani gurbi ya koma wani. Wanda aka tsana a zango na ɗaya kan zama abin tausayi a na uku, don an buɗe wani sirri na baya da ya sa aka fahimce shi. Tatsuniya ba ta da lokacin yin wannan, dare ɗaya gare ta. Shiri mai dogon zango kuwa da wannan sauyin kujera yake rayuwa.

To sai maganar jinkiri. Tzvetan Todorov, ɗan Bulgeriya da ya yi aikinsa a Faransa, ya bayyana ƙashin bayan labari a sauƙaƙe: ana zaune lafiya, wani abu ya dagula zaman, a gane an shiga matsala, a yi fafutukar gyara, a koma wani sabon zaman lafiya. Fim na awa biyu haka yake tafiya, kuma da shi muka saba tun daga Turmin Danya a 1990: kafin kaset ya ƙare asirin muguwa ya tonu, ta haukace ko ta zo tana kuka tana neman gafara. Shiri mai dogon zango an gina shi ne don kada ya kai wannan mataki na ƙarshe. Ranar da aka zauna lafiya, ranar shirin ya mutu. Saboda haka marubuci ba ya riƙe zare ɗaya. Daɗin Kowa, wanda tashar Arewa24 ta fara ba da jimawa ba bayan buɗe ta a 2014, gari guda ne sukutum: in wuta ta lafa a gidan Kamaye da Adama, tana ci a wani gidan, kuma kafin a kashe waccan an hura wata. A Ingila, Coronation Street yana kan layi ɗaya na unguwa tun 1960. A Amurka, Guiding Light ya fara a rediyo a 1937, lokacin da kamfanonin sabulu ke ɗaukar nauyin irin waɗannan wasanni don su tallata hajarsu ga matan gida, bai tsaya ba sai 2009. Shekara 72 ana cewa sai mako mai zuwa.

Wani zai ce ai ka ji, kuɗi ne. Kuɗi ne mana, kuma ana ganin alamarsa a duk lokacin da aka kwashe minti goma ana gaisuwa a falo ko aka dawo da wanda aka yi wa sadakar bakwai. Amma dabarar ja wa mai sauraro rai ba YouTube ne ya ƙirƙiro ta ba. A cikin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1937, sarki ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makirci, aku kuwa ya tsare Musa ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarko. Wazirin nan bai gamu da sakamakonsa a shafi na biyar ba. Da ya gamu, da babu littafin. An yi shekaru ana karanta wannan a makarantun Bauchi ba wanda ya kai ƙara.

Duk da haka iyayen da ke damuwa ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma a nan ne masu shirya fim ke saurin kare kansu da abin da bai isa ba. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford, ya nuna wa yara fim ɗin babba yana dukan wata 'yar tsana. A gwajinsa na 1965, yaran da suka ga an hukunta mai dukan ba su kwaikwaye shi sosai kamar waɗanda suka ga ya tafi salin alin ba. Wato ganin sakamako yana da tasiri. A kan wannan Miguel Sabido ya gina hanyarsa a talabijin ɗin Meziko a shekarun 1970: a sa mutanen kirki, a sa miyagu, sannan a sa rukuni na uku a tsakiya, masu tangal-tangal, waɗanda mai kallo ke ganin kansa a cikinsu, a bar su su ga abin da ya samu kowane ɓangare kafin su zaɓa. An gwada wannan hanya da Hausa a wasan rediyon Gugar Goge a 2006, kan lalurar yoyon fitsari. Marubutanmu na yanzu sun ƙware a mugu, sun ƙware a waliyyi mai haƙurin da ba ya ƙarewa. Mutumin tsakiya, wanda ke son yin daidai amma kuɗin haya ya matse shi, shi ne ya yi ƙaranci. Kuma shi ne mafi yawanmu.

Ba na kuma yarda da masu ɗaukar matan da ke kallo kamar tulu, duk abin da aka zuba ya zauna. Wata mai bincike, Ien Ang, ta sa talla a wata mujallar mata a Holan tana tambayar masu kallon shirin Dallas na Amurka dalilinsu, ta samu wasiƙu 42. Abin da ta gano shi ne sun san sarai rayuwar attajiran man fetur na Texas ba tasu ba ce. Abin da suke ganewa shi ne ɗacin cin amana, kishi, da zaman gidan da ba ya rasa rigima. Matar da ke Tirwun tana kallon falon da kujerunsa suka fi kuɗin gidanta ba ta ruɗe ba. Ta san ciwon da ake nunawa, kuma in ka saurari sharhin da ake yi bayan an kashe kallo, hukunci ake yankewa, wance ba ta kyauta ba, wane ya cika sanyi.

Tambayar da na so a ce ana yi, a majalisa da kuma a ofishin masu tacewa, ita ce wa ake yawan ɗorawa a kujerar mugu. Propp ya ce dole a samu mai zama, bai ce dole ta zama kishiya ba. Amma a jera shirye-shiryen a duba: kishiya, uwar miji, bazawara, ƙawar da ke zuga, matar da ta yi boko ta samu abin hannunta. Mijin da ya tara mata ya kasa adalci sau da yawa yakan fito a matsayin bawan Allah da aka juya wa tunani da asiri, ba shi da laifi sai na rashin sani. Yarinyar da ta shekara biyar tana ganin haka ba makirci za ta koya ba, za ta shiga gidan miji ne tana kallon kowace mace a matsayin abokiyar gaba tun kafin a gaisa. Wannan ba ya bayyana a fitowa ɗaya. Ana iya tace kowane kashi a ga ba rawa, ba shigar banza, ba zagi, a buga hatimi, alhali abin yana kwance a tsarin zangon gaba ɗaya. Mai tacewa da zai nemi a ba shi taswirar labarin daga farkon zango zuwa ƙarshe, ya ga wa ya yi me kuma yaushe ya girbi abin da ya shuka, zai fi ganin abin da iyaye ke tsoro fiye da mai ƙirga daƙiƙun waƙa. Kwana Casa'in ya nuna cewa ana iya ɗora mai mulki a kujerar kuma jama'a su kalla, don haka uzurin cewa kasuwa kishiya kawai take so bai tsaya da ƙafarsa ba.

Akwai kuma namu hannun a ciki. Yara da yawa a yau ba sa kallon shirin daga farko zuwa ƙarshe. Guntu suke gani a TikTok da WhatsApp, na daƙiƙa talatin ko arba'in: inda Baba Ɗan Audu ya yi wa wani wayo, inda Hajiya ta wanke 'yar aiki da mari, inda aka yi baƙar magana mai daɗin maimaitawa. Kashin da sakamako ya zo, bayan wata huɗu, ba mai yanko shi, don kuka da nadama ba sa jawo mabiya. Marubuci ya rubuta laifi da hukuncinsa, mai waya ya yanke rabin farko ya tura wa mutum ɗari biyu. Wannan yankan a hannunmu ake yin sa, a Tirwun da Wunti da Yelwa, kuma ba ya bi ta teburin kowace hukuma.